Ranar da Kwamanda Ya Ce Teku Rani Take Yi

Ƙawata, ajiye tsintsiyar nan ki matso, sharar ba guduwa za ta yi ba. Wani labari ne ya tokare min ƙirji, in ban sauke shi ba ko sallah ba zan yi da natsuwa ba. Allah ya yafe mana dariyar da za mu yi, don mutumin ba mugu ba ne, bakinsa ne kawai ya fi shi girma.

Kin san mai askin nan na bakin ƙofar bariki, wanda unguwa ke kira Kwamanda? Bai taɓa riƙe bindiga ba, ko ta wasan yara. Amma ya daɗe yana yi wa sojoji aski, ya kwashe hirarsu kaf ya zuba a cikinsa, har ya koma ba da labarin yaƙi da "muka". Muka kutsa, muka kewaye su, muka kwana a rami. In wani ya ce, "Kai da wa?" sai ya ɗaga almakashi ya ce, "Ni da kake gani, manyan hafsoshi sunkuyar min da kai suke yi. In na ce juya, a juya. In na ce kar ka motsa, ko yawu ba a haɗiyewa."

Matarsa, Maman Tagwaye, ita ta ba ni labarin nan, kuma ba mai ƙari ba ce. Mace ce mai shiru-shiru. Ba ta yi makaranta ba, da kanta ta koyi karatu a jikin buhuna da kwalayen magani. Tana karantawa sarai, sai dai sai ta ɗora yatsa, harafi bayan harafi, kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa.

To, surukarta, Inna, wato mahaifiyar Kwamanda, tana ciki aka tafi da babanta wani babban yaƙi, bai dawo ba. Ba kabari, ba hoto. An dai ce a kan wani tudu a bakin teku akwai doguwar katanga da aka rubuta sunayen sojojin da suka rasu, nasa yana ciki. Ga idon Inna kullum ƙara dushewa yake, likita ya ce sai haƙuri. Burinta ɗaya ne: ta ga sunan nan da ɗan ganin da ya rage mata, ta yi masa addu'a a wurin. Ana ta "sai wata rana", sai wani soja ya faɗa a kujerar aski cewa za a rufe wurin don gyara, ba a san ranar buɗewa ba. Asabar ce ta ƙarshe. Da an busa begila an sauke tuta da yamma, za a ja ƙofa.

Maman Tagwaye ta ce su hau motar haya, direbobi sun san hanya. Kwamanda ya dube ta kamar ta taka masa hula.

"Motar haya? 'Yar jarumi guda a motar haya, tsakanin buhun albasa da kwandon kaji? Ni zan jagoranci tafiyar nan. Kuma ba katanga kaɗai ba, duk wani abin kallo na bakin teku sai na nuna muku shi."

"Katangar dai, Baban Tagwaye. Ita ce ta kai mu."

"Ki bar tsari a hannun masu tsari."

Asabar da sassafe unguwa ta fito kallo. Motarsa tana ƙofar gida, tsohuwar da ya saya a hannun wani kofur, ya shafe ta da koren fenti, ya raɗa mata suna Tanka. Shi kuma ya sha wata rigar soja da aka manta a shagonsa, usur a wuya, madubin hangen nesa mai fasasshen ido ɗaya a ƙirji. A saman motar ya ɗaure kujerar askinsa, mai juyawar nan, da igiyar shanyar Maman Tagwaye.

Mai Shago ya ɗaga kai ya ce, "Kwamanda, kifaye za a yi wa aski?"

"Kujerar girmamawa ce. A kanta Inna za ta zauna a gaban katanga. Uwar kwamanda ba ta zama a ƙasa."

Inna ta leƙo daga bayan mota, tana tsakanin 'yan matan nan biyu, Tagwaye. Ta ce, "Ni da ka bar min tabarmata, ɗan nan."

Mai Faci ya ce, "Ka dai san hanya ko?"

"Hanya ce ta san ni."

"Ka taɓa ganin teku kuwa?"

"Sojan ruwan da na aske ya fi gashin kanka yawa. Teku ruwa ce, ruwa kuwa kowa ya san halinsa."

Tanka ba ta tashi sai da turi. Maƙwabta suka tura, ta yi tari, ta kama. Maimakon ya wuce, sai ya tsaya ya fito da hannu ya sara wa jama'a, ya busa usur, ya ce, "Gaba dai!" Ya saki kuloci, motar ta yi baya da gudu ta kwashi akwatunan kwalaben Mai Shago. Kwalabe suka watsu a titi, Mai Shago ya ɗora hannu a ka. Kwamanda ya sauya giya yana ihu ta taga, "Ja da baya ma dabarar yaƙi ce! Sai mun dawo!"

Maman Tagwaye ta karanta addu'ar tafiya, ta maimaita, ta ƙara da wata don motar kanta.

Tafiya ta miƙa. Duk mararrabar da aka zo sai ta ce a tambaya, shi kuma ya ce kwamanda ba ya tambayar farar hula hanya. Can sai ɗaya daga Tagwaye ta ce, "Baba, wannan gidan man ya yi kama da na ɗazu."

"Kamfani ɗaya ne, gini iri ɗaya suke yi."

Ɗayar ta ce, "Har da karen mai gutsuren kunne?"

"Har da shi."

Inna ta ce, "Ai na ji muryar mai sayar da lemon nan, ta ma gaishe mu a karon farko."

Sai da rana ta take tsaka suka ji iska ta sauya. Inna ta shaƙa ta ce, "Wa ya buɗe kifi a mota?" Kwamanda ya ce wannan ƙamshin fagen fama ne. Bai rufe baki ba ya hango wani dogon ginshiƙi fari a gefen tasha, da allon ƙarfe a jikinsa. Ya taka birki har kujerar sama ta yi juyi.

"Mun iso! Kowa ya sauka cikin ladabi."

Maman Tagwaye ta ce, "An ce katanga ce doguwa, a kan tudu."

"Wannan somin-taɓi ne. Duk inda kika ga ginshiƙi da allo, jini ya zuba."

Ya ɗauko furannin da ya saya a hanya don katanga, ya taka da ƙarfi kamar a fareti, ya ajiye su a gindin ginshiƙin. Ya sara. Fasinjojin tasha suka fara taruwa, shi kuma da ya ga taro sai baki ya buɗe.

"Ya ku mazajen da kuka durƙusa a wannan wuri! Kun shigo a matse, kun fita da sauƙi a zukatanku! Wurin nan ya ga abin da ido ba ya so ya gani!"

Wani a cikin taron ya ce, "Wallahi gaskiya ne," aka fara ƙyaƙyatawa. Maman Tagwaye ta matsa ta ɗora yatsa a allon, tana haɗa haruffa a hankali. Da ta kai ƙarshe ta ja gefen rigarsa.

"Baban Tagwaye, cewa aka yi an gina wannan banɗaki don matafiya."

A gafarce ni, ƙawata, haka aka rubuta. Daidai nan wani dattijo ya ɓullo daga bayan ginshiƙin da buta a hannu ya ce, "Malam, in an gama jawabin a ɗan ba mu hanya." Mai kula da wurin kuwa ya zo ya kwashi furannin ya rungume, idonsa ya kawo ruwa. Ya ce, "Tun da aka buɗe wurin nan ba wanda ya taɓa gode mana haka."

Kwamanda ya gyara hula ya ce, "Atisaye ne. Ba a zuwa babban wuri sai an yi gwaji."

Maman Tagwaye ta ce a ranta, ko ba komai an sami ruwan alwala. Suka yi azahar a nan, suka ci burodi da dafaffen ƙwai, ita tana satar kallon rana.

Da suka ci gaba sai ga teku. Tagwaye suka yi ihu, Inna ta ce ita dai fari-fari take gani mai motsi, amma Allah mai iko. Ba su yi nisa ba suka iso wata tsohuwar ganuwa, da wata ƙatuwar igwa ta zamanin da a kanta, bakinta yana kallon ruwa. 'Yan makaranta sun kewaye ta, malamarsu tana yi musu bayani.

Maman Tagwaye ta ce, "Don Allah mu wuce. Dubi rana."

"Yanzu-yanzu. Ba zan bari a koya wa yara yaƙi ba daidai ba."

Ya kutsa cikin yaran ya ce shi kwamanda ne mai ritaya, irin wannan igwa ya harba ta har ta gaji da shi. Malamar ta ce igwar ta girmi kakan kakansa. Ya ce, "Irinta na ce, Malama, ƙanwarta." Ya naɗe hannun riga, makullin mota yana rataye a ɗan yatsansa. "Ta nan ake ɗura albarushi. Sai ka tura hannu haka, har can ciki, har..."

Aka ji ƙililin a cikin igwa. Makulli ya faɗa. Ya ƙara tura hannu don ya cafko, hannu ya shige har kafaɗa, ya ƙi fitowa.

Wata yarinya ta ce, "Malama, shi za a harba?"

"Kar kowa ya firgita," in ji Kwamanda, shi kaɗai ne ya firgita. Malamar ta kama ƙugunsa, yara suka kama malamar, aka ja, ko motsi. Inna ta kwance bakin zani ta fito da kwalbar man zafin da take shafa wa gwiwa. Ta ce, "Ku shafa masa, da shi nake shiga takalmi." Maman Tagwaye ta lafta masa daga kafaɗa har iya inda yatsunta suka kai. Man ya fara aiki, Kwamanda ya fara rawa da ƙafa.

"Wuta! Inna, wuta!"

Yara suka ɗauka umarnin harbi ne, suka toshe kunne suka yi "Buum!" Sai a ja na gaba hannu ya fito fit, shi da malama da yara suka zube kan juna. Makullin kuwa Tagwaye ne suka zaƙulo shi da lanƙwasar sandar Inna. Kwamanda ya tashi yana haki, ya share gumin fuska da hannun nan mai man zafi. Idanu suka kama ambaliya.

Inna ta ce, "Kuka kake yi, ɗan nan?"

"Mazan jiya na tuna, Inna."

Sai da suka yi la'asar, idonsa ya ɗan buɗe, sannan aka tashi. Maman Tagwaye ta duba ta ga inuwa ta yi tsawo. Da suka sha wata kwana sai ga tudun can nesa, ga farar katanga a kansa, ga tuta tana kaɗawa. A wurin bakin teku ya lanƙwashe kamar lauje. Titi ya bi lanƙwasar, ya yi zagaye mai nisa, amma tsakaninsu da gindin tudun fili ne fetal na yashi, shimfiɗe kamar an goge shi, ruwan yana can baya da nisa.

Kwamanda ya sa madubinsa a idon da ke gani ya yi murmushi. "Farar hula su zagaya. Mu ratsawa za mu yi."

A bakin yashin akwai wani allo. Maman Tagwaye ta fara, "Hat... ta... ra... ru..." Kafin ta haɗa kalma ta biyu ya wuce shi. Wata tsohuwa mai kifi, da ke ɗaure kwanduna a amalanken jakinta, ta ɗaga musu hannu.

"Ɗana, ina za ka da mota? Ruwa yana hanya."

"Wane ruwa, Iya? Dubi sama, ko gajimare babu. Rani ne, teku ta janye. Tafkin garinmu ma haka yake yi, yara har ƙwallo suke bugawa a cikinsa. Sai damina ta sauka yake dawowa."

"Wannan kullum take dawowa. Sau biyu ma."

Ya juyo yana dariya. "Kun ji ko? Damina sau biyu a rana! Iya, ki tsaya a kan kifinki, ki bar mana yaƙi. Da kwamanda kike magana."

Tsohuwar ta ce, "To, Kwamanda, Allah ya kiyaye. In ka tsinci kifi a motarka, nawa ne."

Maman Tagwaye ta ce, "Matar nan a nan ta tsufa. Mu zagaya."

"A nan ta tsufa, shi ya sa ba ta ga duniya ba."

Da farko abin kamar gaske. Tanka ta miƙa a kan yashi sumul, Kwamanda yana waƙar fareti yana dukan sitiyari. Da suka kai tsakiya sai ya tsaya cak.

"Hoton tarihi! Mai Faci ya gani da idonsa, ga ni a tsakiyar teku da mota."

"Baban Tagwaye, tuta!"

"Tuta ba ta sauka sai kwamanda ya iso."

Aka ɗauki hoto yana sarawa, aka sake don hular ta karkace. Da suka koma mota ya tayar, tayoyi suka juya a wuri ɗaya. Ya ƙara wuta, suka ƙara nutsewa. Ya sa giyar baya, ya ce ja da baya ma dabara ce, Tanka ta zauna daram a kan cikinta kamar kaza a kan ƙwai. Suna cikin tonon yashi da hannu sai wani siririn ruwa ya zo ya lashi ƙafar Inna ya koma.

Ɗaya daga Tagwaye ta ce, "Baba, damina ta sauka."

Ɗayar ta ce, "Ta ƙasa ta zo."

"Wani sakarai ne ya buɗe madatsar ruwa. Yanzu za a rufe." Ya cire takalmi ɗaya ya ajiye a kan yashi. "Ga iyaka. Ruwan nan ba zai wuce nan ba."

Ruwan ya zo ya ɗauki takalmin ya tafi da shi, ya dawo bai kawo shi ba.

Allah cikin rahamarsa, sai ga amalanken mai kifi, jakin yana bin wata hanya mai tauri da ya sani. Ta ce, "Ku hau, mata. Kai ma hau, Sarkin Damina."

"Kwamanda ba ya barin tankarsa."

Maman Tagwaye ta tsaya, ƙafa ɗaya a amalanke, ɗaya a ruwa. Ga miji, ga tuta. Ta ce, "Iya, zai halaka?"

"A nan ba ta wuce rufin mota. Ya hau sama ya zauna. In ta cika, masunta za su zo da kwalekwale."

Inna ta ce, "Bar shi, 'yar nan. Tun yana yaro ba ya son wanka, yau Allah ya kama shi."

Haka suka tafi a tsakanin kwandunan kifi, Inna tana riƙe da wutsiyar mayafin surukarta. A gindin tudu suka sauka, Tagwaye suka kama Inna dama da hagu, ana hawa ana hutawa. A ƙofa suka tarar da wani Saje, hannunsa a kan sakata.

"Mama, kun makara. Yanzu za a busa."

Inna ta ce, "Yaro, babana yana ciki. Ban taɓa ganinsa ba, idona kuma tafiya yake."

Sajen ya ce, "Ku shiga. Amma da kun ji begila sai fita, umarni ne. Sunayen bin haruffa suke yi."

Maman Tagwaye ta tsaya a gaban katangar. Doguwa ce har ta sha kwana, sunaye a jere kamar tururuwa. Kwamanda ne ya ce da ido ɗaya zai gano sunan, ga shi yana tsakiyar teku. Ita kuwa da karatunta na tsintar tsakuwa, ina za ta kai? Ta yi bisimilla, ta nemi harafin farko, ta ɗora yatsa. A bayanta wani soja ya kama igiyar tuta, mai begila ya goge baki ya ɗaga begilarsa.

Sai aka ji "fiiit! fiiit!" daga cikin teku.

Masu ziyara suka ruga bakin tudu, har da 'yan makarantar nan da malamarsu, waɗanda suka zagayo ta titi suka riga su isowa. Tagwaye suka leƙa suka dawo suna ba uwarsu labari, ita ko ɗaga kai ba ta yi ba. Tanka ta ɓace, sai koren rufinta. A kan rufin ga kujerar aski, a kan kujerar ga Kwamanda ya naɗe ƙafafu. Duk igiyar ruwan da ta bugi motar sai kujerar ta juya. In ta fuskanto tudu a ji, "Ku kawo ɗau..." sai ta juya da shi, ya ƙarasa wa teku sauran. Ta sake zagayowa, ya ga sojoji suna kallo, ya sara musu, ta wuce da shi yana sara wa kifaye.

Yara suka ce, "Malama, kwamandan igwa ne!"

Saje ya ɗauko nasa madubin hangen nesa ya duba, ya sauke, ya sake dubawa. Ya ce, "Wane kwamanda? Wallahi mai askinmu ne! Na ƙofar bariki! Har kujerar na gane!"

Mai begila ya sa ta a baki, ya cika kumatu, daidai nan kujera ta kawo Kwamanda yana sarawa. Begilar ta yi wani kuka kamar akuyar da aka taka wa wutsiya. Ya sake gwadawa, dariya ta fito masa ta hanci. Mai igiyar tuta ya saki igiya ya zauna a ƙasa yana riƙe ciki. Saje ya daka musu tsawa, shi ma muryar tana rawa, ya ce su sauka su taya masunta tura kwalekwale, ba a sauke tuta da mutum a ruwa.

Duk wannan Maman Tagwaye tana gaban katanga, yatsa yana tafiya. Ta yi kuskure ta koma baya. Ta sami mai kama da shi, ta duba sunan uban, ba shi ba ne. Gumi ya jiƙe mata mayafi. Can ƙasa-ƙasa, daidai ƙugu, yatsan ya tsaya. Ta karanta, ta sake karantawa a bayyane, da sunansa da na mahaifinsa.

"Inna, ga shi."

Inna ta durƙusa, ta kai fuskarta kusa har hancinta ya kusa taɓa dutsen. Rana ta yi ƙasa, haskenta ya kwanta a cikin sassaƙar haruffan. Ta ce, "Na gani. Baƙi-baƙi ne, amma na gani." Ta auna sunan da tafin hannunta, bai ma cika shi ba. "Ashe ɗan wannan ne kai, Baba. To, ga ni na zo. Na tsufa na bar ka yaro." Ta ɗaga hannu ta yi masa addu'a, Maman Tagwaye da Tagwaye suna amin, ba wanda ya hanzarta su.

Suna shafawa aka hawo da Kwamanda, takalmi ɗaya, riga tana ɗiga, masunta biyu suna biye da kujera a kai. Jama'a suka dare masa hanya suna tafi. Ya ɗaga hannu kamar wanda ya ci zaɓe, ya buɗe baki zai yi jawabi, Saje ya tare shi.

"Mai aski! Ba ka gane ni ba?" Ya cire hula ya juya wa jama'a bayan kunnensa. "Ku dubi tabon nan. Duk fagen da na je ban ji ciwo ba, sai a kan kujerar can, yana ba ni labarin yaƙin da ni na yi."

Aka sheƙe da dariya. Malamar ta ce, "Yara, ku gai da mai aski." Suka haɗa baki suka gaishe shi.

Kwamanda ya dubi tuta tana sama, ya dubi Inna a gaban katanga, nan take ya miƙe ƙirji. "Kun ga? Tuta ta sauka? Na faɗa ba ta sauka sai na iso. Wannan shi ake kira ɗauke hankalin masu gadi. Tun daga gida na tsara shi."

Inna ta miƙa hannu ta laluba ta kama jiƙaƙƙiyar rigarsa, ta jawo shi ƙasa har ya durƙusa kusa da ita. Ta ɗora hannunsa a kan sunan.

"Baba, ga jikanka. Ka yi haƙuri, shi Allah ya ba mu."

A nan kam bakin Kwamanda ya mutu, kuma Maman Tagwaye ta ce hawayen da ya zubo wannan karon ba na man zafi ba ne. Sannan aka busa begila, ta fita tsaf, aka sauke tuta, aka ja ƙofa.

A motar haya suka dawo, ƙawata, tsakanin buhun albasa da kwandon kaji, kujera a saman kaya. Tanka kuwa da ruwa ya janye aka jawo ta da jakuna, aka tarar da kifi a ƙarƙashin kujerar direba, mai kifi ta zo ta karɓi abinta. Yanzu motar tana gaban Mai Faci, ta bushe ta yi fari da gishiri, maguna sun mai da ta wurin kwana. Shi kuwa a shago labarin da yake bayarwa shi ne shi kaɗai ya tare teku da usur har uwarsa ta gama addu'a. Na ce wa Maman Tagwaye me ya sa ba ta ƙaryata shi? Ta ce to ai da bai yi wautar ba da begila ta riga yatsanta, Allah ne ya ga dama ya yi aiki da abin da ke hannu.

Don girman Allah maganar nan ta tsaya tsakanina da ke, ko 'yar uwarki kar ki faɗa wa. Maigidana a wurinsa yake aski, gobe ma zai je, kuma kin dai ji abin da ya sami kunnen Saje alhali ma ba fushi ake yi da shi ba.